Jidda Ta Fi Yamai Kusa Da Kano

Duk wanda ya buɗe taswira ya ja layi miƙaƙƙe daga Kano zuwa Yamai zai samu kilomita 700 da 'yan kai. Idan ya ja wani layin zuwa Jidda zai samu kusan kilomita 3,400, wato ninkin na Yamai kusan sau biyar. Amma ka shiga ofishin duk wani mai sayar da tikitin jirgi a Kano ka tambaye shi wanne ne ya fi saurin zuwa, zai ce maka Jidda tun bai ɗago kai daga kwamfutarsa ba. Mai zuwa Umara yana iya yin sallar asuba a Kano, ya yi la'asar a ƙasar Saudiyya, duk da cewa agogonsu ya riga namu da awa biyu. Mai zuwa Yamai ta sama, inda agogonmu ɗaya, harshenmu ɗaya, in bai taki sa'a ba sai ya kwana a hanya, a wani gari na bakin teku da bai taɓa niyyar gani ba.

Lissafin lokacin tafiyar jirgi ba wani asiri ba ne. Jirgi irin Boeing 737, wanda kamfanoninmu suka fi amfani da shi, idan ya gama hawa ya daidaita a sama yana cin kilomita 800 zuwa 850 a awa guda. Sai a ƙara kusan rabin awa na gangarawa zuwa titin tashi, da hawa, da saukowa, da jiran izinin hasumiya. Shi ya sa Kano zuwa Abuja, mai nisan kilomita 360 ko kusa da haka, ake rubuta mata kusan awa guda a tikiti, Kano zuwa Legas kuma, mai kilomita 830 da ɗoriya, take cin awa ɗaya da rabi. Da wannan ma'aunin, Yamai za ta ci kusan awa ɗaya da minti ashirin. Ta fi Legas kusa da mu. Haka ma Injamena ta gabas: ita ma kilomita 700 ce da 'yan kai. Kano tana zaune ne tsakiyar manyan biranen ƙasashe biyu, kowanne na nesa da ita da tafiyar da ba ta kai a gama kallon wasan ƙwallo ɗaya ba, amma a aikace duk sun fi Jidda da Alƙahira wuyar zuwa.

Na san wannan ne ta dalilin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda 'yarsa ke aure a Yamai. Da ta haihu ya ce lallai da shi za a yi suna. Dattijo ne mai fama da ciwon baya, likita ya hana shi dogon zama a mota, don haka muka ce bari a nema masa jirgi. Na kai shi wurin wani mai sayar da tikiti da muka saba da shi. Yaron ya daɗe yana danne-danne, sannan ya ce, "Baba, akwai hanya, sai dai a yi haƙuri. Za ku tashi zuwa Legas, ku kwana. Washegari ku shiga na Lome, ku jira a can, sannan ku kama na Yamai." Kawu ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Ɗan nan, ka gaya masa Yamai na ce. Ni ban ce ina son ganin teku ba." Da aka faɗi kuɗin kuma sai muka ga bai yi nisa da na tikitin Jidda ba. Ƙarshenta a mota ya tafi, da matashin kai biyu a bayansa: Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, ya kwana, sannan ya kama babbar hanyar nan ta Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, har Yamai. Fiye da kilomita 900, da shingaye, da saukowa a nuna takarda. Ya samu suna, amma a kwance ya karɓi masu barka.

Mu auna hanyar da yaron ya zana masa. Kano zuwa Legas kilomita 830, Legas zuwa Lome kusan 240, Lome zuwa Yamai kusan 820. Jimilla kusan kilomita 1,900 don a isa wurin da ke kilomita 700. Kamar a ce mutum zai je Fagge daga kasuwar Kurmi, a ce masa sai ya bi ta Wudil. Kuma ba tsawon hanyar ne ya fi ciwo ba, domin duka zaman cikin jirgin bai kai awa huɗu ba. Abin da ke cinye wuni shi ne tsakanin jirgi da jirgi. A Legas tashar jiragen cikin gida daban take da ta ƙasashen waje, sai ka karɓi kayanka, ka nemi tasi, ka shiga cunkoson Ikeja, ka sake bin layin awo da na shige da fice. Idan kuma lokacin hunturu ne, hazo ya rufe Kano kamar yadda yake yi a Disamba da Janairu, jirgin farko ya makara, to duk sauran lissafin ya rushe, tikitin gaba kuma ba ruwansa da uzurinka.

Abin da ya fi ba ni haushi a wannan lamari shi ne tarihin filin jirgin Kano kansa. Jiragen farko da suka shigo Nijeriya, guda uku na sojan saman Ingila a watan Nuwamban 1925, ba daga teku suka zo ba. Daga Masar suka taso, suka bi ta Khartum, da El Fasher, da Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, da Maiduguri, suka sauka a Kano. Hanyar da kakanninmu suka bi a ƙafa da kan jaki zuwa Makka, suna shafe shekaru, wasu su yada zango a Sudan har su zama 'yan can, ita ce jirgin ya biyo ta sama. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy har zuwa Masar. Bayan yaƙi kuma, jiragen Turai masu zuwa Kongo da Afirka ta Kudu a Kano suke tsayawa shan mai bayan sun ƙetare Sahara. Wato tun farko an san Kano a matsayin mahaɗa ta gabas da yamma, ta kudu da arewa. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, buƙatar tsayawa shan mai ta kau, suka riƙa wucewa ta samanmu. KLM, wanda ya fi kowa daɗewa, ya haƙura da Kano a 2012.

Har yau akwai alamar wancan matsayi a takardun matuƙa jirgi. An raba sararin samaniyar duniya yanki-yanki, kowane yanki da cibiyar da ke kula da jiragen da ke ratsa shi, kuma yankin da ya rufe Nijeriya sunan Kano yake ɗauke da shi, ba na Legas ko Abuja ba. Maƙwabtansa ta arewa da gabas su ne yankin Yamai da yankin Injamena, waɗanda hukumar ASECNA ke gudanarwa. Kullum, dare da rana, ma'aikatan da ke kula da zirga-zirgar jirage a nan suna miƙa wa takwarorinsu na Yamai jiragen da suka taso daga Legas da Abuja za su Turai, su kuma suna miƙo masu dawowa. Hanyar sama tsakanin Nijeriya da Nijar a buɗe take, a cike take da jirage. Masu sauka ne babu.

To me ya kawo haka? Kashi na farko gadon mulkin mallaka ne, kuma ban faɗi haka don neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Ingila ta kafa kamfanin WAAC a 1946 don ya haɗa ƙasashenta huɗu na yammacin Afirka, Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, daga cikinsa ne Nigeria Airways ya fito a 1958. Ƙasashen renon Faransa su ma suka haɗa Air Afrique a 1961, mai hedikwata a Abijan, Nijar da Cadi suna ciki. Kowane ɓangare ya zana hanyoyinsa yana kallon teku da babban birnin uban gidansa, wannan Landan, wancan Paris. Bahaushen Kano da Bahaushen Maraɗi suka faɗa cikin kundi daban-daban. Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya bi shi a 2003, waɗanda suka gaje su kuma suka gaji taswirar. ASKY, wanda ya fara aiki a 2010 tare da haɗin gwiwar kamfanin jiragen Habasha, a Lome yake tara fasinjojinsa ya rarraba su. Air Côte d'Ivoire a Abijan yake yin nasa. Ban ga laifinsu ba, kowa ya gina kasuwa a ƙofar gidansa. Mu ne ba mu gina tamu ba.

Kashi na biyu kuɗi ne. Gajeriyar tafiya ta fi doguwa tsada idan aka raba kuɗin da kilomita, domin wajen tashi da hawa jirgi ya fi shan mai, kuma kuɗin sauka da na ajiye jirgi da na ma'aikatan ƙasa ba sa raguwa don tafiyar gajeriya ce. Sannan da zarar jirgi ya ƙetare iyaka, ko da ta Jibiya ce, ya zama na ƙasa da ƙasa. Sai a ɗora wa fasinja harajin da ake ɗora wa mai zuwa Landan ko Dubai: kuɗin amfani da filin jirgi, kuɗin tsaro, kaso na hukumar kula da sufurin sama, wasu ma da dala ake lissafa su. A kan tikitin awa shida wannan kaya yana ɓacewa cikin jimilla. A kan tikitin awa ɗaya shi ne yake danne kuɗin tafiyar kanta. Shugabannin ECOWAS sun san da wannan, shi ya sa a taronsu na Disamban 2024 suka amince a soke wasu haraje-harajen tikiti, a kuma rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin ɗari daga Janairun 2026. Sai dai kafin wannan rana ta zo, Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Cadi kuwa dama ba ta ciki.

Kashi na uku takarda ce. Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944, jirgin fasinja ba ya sauka a wata ƙasa don kawai mai shi ya ga kasuwa. Sai gwamnatoci biyu sun zauna sun rubuta wane kamfani, wane gari, sau nawa a mako. Afirka ta sha alkawarin sassauta wannan ƙulli. An yi matsayar Yamusukuro a 1999. An ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Adis Ababa a Janairun 2018, Nijeriya na sahun farko na masu sa hannu. A Yulin 2019 ma, a Yamai ɗin nan, bayan an kashe maƙudan kuɗi an sabunta filin jirgin Diori Hamani don taron Tarayyar Afirka, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar. Shi da tawagarsa a jirgin fadar shugaban ƙasa suka je, kai tsaye, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Ina ganin da za a wajabta wa ministocinmu su riƙa zuwa irin waɗannan taruka da tikitin da talaka ke saya, da tuni an warware matsalar.

Sai kuma siyasa ta zo ta ƙara gishiri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta rufe iyakoki ta kuma hana jiragen kasuwanci shiga da fita ƙasar, ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024. Nijar ita ma ta rufe samaniyarta na wani lokaci, jiragen Turai masu zuwa Nijeriya suka riƙa dogon kewaye. Ta gabas kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa aka rufe samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka bar miƙaƙƙiyar hanya, tafiyar Jidda ta ƙara tsawo. Amma a lura, ko da wannan kewayen, Jidda ba ta daina riga Yamai ba.

Na san abin da masu kamfanonin jirage za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce babu fasinja. Za su ce mutanen da ke kai da kawowa tsakanin Kano da Nijar 'yan kasuwa ne masu dilolin atamfa daga Kantin Kwari da buhunan hatsi daga Dawanau, waɗanda jirgi ba zai ɗauki kayansu ba, da talakawa masu ziyarar dangi waɗanda kuɗin mota ma da ƙyar suke haɗawa. Za su ce jirgi mai kujera 150 da ya tashi da mutum talatin asara ce tsagwaronta, kuma man jirgi da kayan gyara duk da dala ake saye. Gaskiya ne. Na kuma yarda cewa ba kowace hanya ce take buƙatar jirgi ba. Damagaram kilomita 200 ce kacal daga Kano ta sama, kafin ka gama layin awo mai mota ya wuce Ɗambatta ya doshi Kazaure. Maraɗi kuma maganinta layin dogon nan mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021, Allah Ya sa mu ga an gama shi.

Amma Yamai da Injamena daban suke, kuma hujjar rashin fasinja tana da rami a tsakiyarta. Ta yaya ake ƙirga fasinjan hanyar da babu ita? Wanda ya haƙura ya hau mota ba ya cikin lissafin kowa. Wanda ya fasa tafiyar gaba ɗaya shi ma haka. Ɗan kasuwar da ke aiko da kaya a tirela ba lallai ne shi ma ya zauna a kan kayan ba, da yawansu sun fi son su je su ga kaya, su biya, su koma a rana ɗaya. Akwai marasa lafiya da ake kawowa asibitocin Kano daga Nijar da Cadi. Akwai ɗalibanmu da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Say, kusa da Yamai. Akwai malamai masu zuwa wa'azi, da 'yan fim da mawaƙan Kano da ake gayyata wasa, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na Hukumar Tafkin Cadi mai hedikwata a Injamena. Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a son faɗa: hanyoyin kan iyaka ta Katsina da Sakkwato ba su da amincin da suke da shi a da, hanyar Maiduguri zuwa Gamboru kuwa ba sai an yi bayani ba. A da ana cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. Yanzu doguwar hanyar ce ba ta da lafiyar.

Kuma ba dole ne sai da babban jirgi ba. ATR 72, mai farfela biyu da kujeru kusan 70, yana tafiyar kilomita 500 a awa, zai kai Yamai ƙasa da awa biyu, da man da bai kai na Boeing ba ko kusa. Akwai Embraer mai kujera 50, wanda wasu kamfanoninmu suke da shi. Sau biyu ko uku a mako ya isa a fara. In ma ana tsoron kujeru su tafi babu kowa, a haɗa zango: Yamai, Kano, Injamena, a dawo. Sannan a daidaita lokacin saukarsa da tashin jiragen Jidda da Alƙahira da Adis Ababa daga Kano, ta yadda mutumin Nijar mai zuwa Umara ko asibitin Masar zai ga ribar biyowa ta nan. Haka Lome ta yi, garin da bai kai Kano yawan jama'a ba, ba shi da Kwari, ba shi da Dawanau. Sabon ginin tashar ƙasa da ƙasa da kamfanin China ya gina mana a filin jirgin Malam Aminu Kano da bashi aka gina shi, kuma bashin ba zai biya kansa da jigilar alhazai ta wata biyu a shekara ba.

Wani abokina ya ce mini wannan duk damuwar masu kuɗi ce, talaka ina ruwansa da jirgi. Ban yarda ba. Kawuna ba attajiri ba ne, tsohon malamin makaranta ne, 'ya'yansa ne suka yi karo-karo. Da tikitin na awa ɗaya ne a kan farashin da ya yi kusa da na Legas, da sun biya ba tare da sun ji a jikinsu ba. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne tikiti uku da ɗakin otal a Ikeja. Tsadar da ake kafa hujja da ita, rabinta kewayen ne ya haifar da ita.

Saboda haka ga inda nake ganin ya kamata a fara. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 kuma ofishinta yana Yamai. Ficewar Nijar daga ECOWAS ba ta rushe ta ba, hasali ma yanzu ne aikinta ya fi muhimmanci, tunda duk abin da za a daidaita sai dai tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye. Ta sa maganar jirgin Kano da Yamai a teburinta. Ma'aikatar sufurin jiragen sama ta tarayya ta ware wa gajerun hanyoyin ƙetare iyaka, waɗanda ba su kai kilomita 1,000 ba, haraji irin na cikin gida, ta nemi Nijar da Cadi su yi haka a nasu ɓangaren. Gwamnatin Kano, wadda take iya ɗaukar nauyin kujerun Hajji, ta iya lamunce wa kamfanin da ya yarda ya gwada wasu kujeru na shekarar farko har hanyar ta tsaya da ƙafarta. 'Yan majalisarmu na tarayya daga Kano da Katsina da Jigawa kuma su tambayi minista a zauren majalisa, a gaban kowa, dalilin da ya sa mai zuwa Yamai daga Kano sai ya ga teku.

Ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA da shugabannin Kwari da Dawanau su ne ya kamata su fara ƙwanƙwasa ƙofa, domin su ne ke da abin da kamfanonin jirage suke cewa babu. Su ƙirga mutanensu da baƙinsu masu zuwa Yamai da Injamena a kowane wata, su rubuta, su kai wa kamfanonin da ke da hedikwata a nan Kano kafin su kai wa na Legas.